Cocin Masu Kuza, Kulob ɗin Turawa da Gidajen Burkutu: Tsohon Jos da Abin da Ya Rage

A tsohuwar unguwar Turawa ta Jos akwai wani coci na ɗarikar Angilikan mai suna St Piran's. Dubban mutane ne ke wucewa ta gabansa kullum, amma ƙalilan ne suka san wane ne wannan Piran. Waliyyi ne na mutanen Konwal, can kudu maso yammacin Ingila, yankin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana cin abinci da haƙar kuza. Mahaƙan yankin sun riƙe shi majiɓincinsu, suna bikinsa ranar 5 ga Maris, kuma tutarsu farin gicciye ce a kan baƙi, wai alamar farin ƙarfen da ke fita daga baƙar kuza idan ta sha wuta. Da injiniyoyin Ingila suka hau tsaunin Filato neman kuza, sai suka taho da waliyyinsu, suka gina masa ɗaki a tsakiyar duwatsun Birom da Anaguta da Afizere. A watan Fabrairun 1956, lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta zo hutun ƙarshen mako a Jos cikin rangadinta na Najeriya, a wannan cocin ta yi sujadar Lahadi.

Abin da Turawan nan suka so ginawa a fili yake: ƙauyen Ingila irin wanda suka baro, mai coci da gidan shaye-shaye da filin wasa da ƙananan gidaje masu lambu. Ƙasar ma ta ba su haɗin kai. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, sanyin Disamba da Janairu yakan sa mutum neman bargo biyu, ga ruwan sama wadatacce. Har yau za ka ga tsofaffin gidajen dutse a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi masu murhun jin ɗumi a falo da bututun hayaƙi a kan rufi, da layukan bishiyar turare da aka dasa. Sun kafa filin golf a Rayfield, wanda masu shi ke lissafa shekarunsa daga 1913, suka kafa Plateau Club a 1921, da Yelwa Club a Bukuru, sannan otal ɗin Hill Station a 1938. Shekaru da yawa baƙar fata ba ya shiga waɗannan kulob sai in shi ne mai ɗauko tire.

Sai dai ƙauyen Ingila bai taɓa zama shi kaɗai a kan tsaunin ba. A gefensa akwai garin Hausawa da Yarabawa da Ibo da suka zo ciniki da ƙwadago, akwai barikokin lebura a bakin kowane rami, sannan ga ƙauyukan masu ƙasa da shingensu na ƙyarana, waɗanda aka haƙe musu gonaki. Kowanne da wurin ibadarsa, kowanne da wurin hirarsa. Kuza ce ta tara su, kuma ba a fahimtar ɗaya sai an dubi sauran.

Kafin Laws da bayansa

Ba Bature ne ya gano kuza a nan ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Liruwen Delma da Liruwen Kano suna wanke kuza a rafuka, su narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinken ciyawa, fatake su kai Kano da kasuwannin Binuwai. Waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a kasuwa, suka bi sawunsu. A ƙarshen 1903 injiniya H. W. Laws ya hau tsaunin, ya kafa sansani a wajen Naraguta, kusa da kogin Dilimi, kuma da rakiyar bindiga aka buɗe masa hanya. Ba a jima ba sana'ar maƙeran gida ta mutu, domin dokar Turawa ta mai da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, aka kuma yi wa Kamfanin Neja alkawarin rabin harajin ma'adinai har shekara 99.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Kafin jirgin ƙasa, a kan mutane da jakuna ake fitar da kuza. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1915 aka tsara garin, a 1926 aka yanki Lardin Filato, a 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya tare ruwan Kurra ya ba ma'adinai lantarki. A 1939 kamfanoni da dama suka haɗe suka zama ATMN, wanda ya zama giwar fagen.

Wanda ya ɗauki nauyin duk wannan shi ne lebura da diga da shebur da kwanon sarki a ka, helma na tsaye a bakin rami yana ƙirga zuwa da dawowa. Mafi muni shi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan Filato. Aka ɗora wa lardunan Arewa aikin tilas, wanda mutane suka kira ɗiban gwamna. Daga Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauci da ƙasar Tibi aka riƙa kwaso talakawa, aka zube su a cikin sanyin da ba su saba da shi ba, babu isasshen abinci, babu mayafi. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Mutane sun mutu da yawa, har maganar ta kai majalisar dokokin Ingila, aka dakatar da ɗiban a 1944. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza. A Jos kuwa, babu wani dandali ko gini da ya yi suna don tunawa da waɗannan bayin Allah.

Majami'un da Hausa ta raina

Idan aka ce cocin tarihi a Filato, St Piran's ne ke fara zuwa baki saboda Sarauniya. Amma a ganina nauyin tarihin yana wasu wuraren. Mishan ɗin SUM na Karl Kumm ya sauka Wase a 1904. Limaman Katolika na SMA suka zauna Shendam a 1907, a shekarar ce kuma mishan ɗin CMS ya shiga Panyam. Mishan ɗin SIM ya kafa sansani a Miango, ƙasar Irigwe, wanda ya zama gidan hutun 'yan mishan da makarantar 'ya'yansu ta Kent Academy. Asibitin mishan na Vom ya fara a 1922, makarantun Gindiri a 1934, Hillcrest a 1942, kwalejin tauhidi ta TCNN, wadda ke Bukuru, a 1959. A cikin gari kuwa, ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas ne suka fara tara kansu suna sujada, daga nan manyan majami'un Baftis da Methodist da St Luke's da St Theresa's suka taso.

Abin da baƙo daga Kano ko Maraɗi zai fi mamaki shi ne harshen. Filato ƙasa ce mai harsuna fiye da arba'in, kuma 'yan mishan sun ga cewa Hausa ce za ta haɗa su. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shi ya zama littafin karatun farko na dubban yara a kan tsaunin. A 1938 aka naɗa fastocin farko na SUM 'yan ƙasa: Toma Tok Bot, Bali Falang da David Lot. Daga wannan zuriya ɗarikar COCIN ta fito, daga SIM kuma ɗarikar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, kuma dukansu a Jos hedikwatarsu take.

Shiga sujadar Hausa ta safiyar Lahadi a kowane cocin COCIN ko ECWA a Kabong ko Tudun Wada ka gani. Matan zumunta sun yi layi cikin zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya. Wata tsohuwa ta rungume tulun kiɗa a cinya tana bugun bakinsa da tafin soso, wata na kaɗa caki, wata na buga ƙarfe, mai ba da waƙa ta ɗaga murya, saura su amsa. Mai sanarwa ya tashi ya ce a kawo baiko, a tuna da marasa lafiya, a gai da baƙi. Fasto ya hau bagade ya ce salama a gare ku, jama'a su amsa baki ɗaya. Kalmomin da za ka ji, irin su alheri da gafara da tuba da albarka da Ubangiji, su ne dai waɗanda malami ke faɗa a wa'azin bayan la'asar a Gangare. Dattijo ana ce masa Baba, ko Da idan Birom ne, dattijuwa kuma Mama ko Ngo. Wannan ba kwaikwayon Ingila ba ne. Mutane ne suka karɓi abu suka mai da shi nasu, shi ya sa majami'un nan ba su zama kango ba. Kullum ƙara musu faɗi ake yi, har wani lokaci garin faɗaɗawa a rushe tsohon ɗakin dutsen da kakanni suka ɗauko wa duwatsu a ka, abin da ya kamata dattawan ikilisiya su riƙa hanawa.

Akwai kuma asibitin da duk Bajoshe ke kira Jankwano, na SIM, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. A nan ne a 1969 aka kwantar da ma'aikaciyar jinya Laura Wine da aka ɗauko daga Lassa, ta rasu da wani zazzaɓi da duniya ba ta san shi ba a lokacin. Likita Jeanette Troup, wadda ta yi ta fama don a gano cutar, ita ma ta kamu ta rasu a 1970. Wannan cutar ce ake kira zazzaɓin Lassa.

Ba za a ba da labarin ibada a Jos a tsallake masallaci ba. Babban Masallacin Juma'a yana tsakiyar tsohon gari, titin da ke gabansa ma sunansa yake ɗauke da shi, kuma unguwannin da ke kewaye da shi sa'annin garin ne. A Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris. Gari ɗaya ne ya zama cibiyar manyan ɗarikun Kirista na Arewa da kuma ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin Musulunci na Afirka ta Yamma.

Inda ake sha

Wasu masu karatu ba za su so a yi maganar giya ba, na kuma fahimci dalilinsu. Amma wanda ya cire ta daga tarihin Jos ya cire babban shafi. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 aka sa Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai, Gwamna Lugga kuma ya riƙe wannan doka. Don haka wuski da jin suka zama na Bature a kulob, ko na akawun da ya sami lasisi. Talaka ya tsaya a kan abin da ya gada, wato burkutu.

Burkutu aikin mata ne, kuma aiki ne mai cin kwanaki. A jiƙa dawa, a shanya ta a rufe har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwa a dafa a manyan tukwane ko ganguna, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, a tace, a zuba mata tsohuwar giya ta tashi. Ba ta jure ajiya, in ta kwana biyu ta lalace, shi ya sa masu dafawa a unguwa ɗaya sukan raba ranaku. A ƙauyukan tsaunin, da ita ake sallamar 'yan gayya bayan noman acca, da ita ake neman aure, da ita ake zaman makoki da sulhu. Gidan burkutu ba shi da allon suna. Rumfa ce ko zaure, da bencina dogaye, da tukunya mai kumfa a gefe, mai gida tana zaune da ludayi. Wanda ya shigo ya ce sannu da aiki Mama, ta ɗiba masa ɗanɗano a ƙaramar ƙwarya kafin ya ce a zuba na nawa. Ƙwarya ɗaya takan zaga mutum uku. A nan ake jin farashin dankali, da wanda ya sayar da fili, da wanda zai tsaya kansila. Mata da yawa da wannan tukunya suka biya kuɗin makarantar 'ya'yan da suka zama malamai da ma'aikata.

A barikokin kuza abin ya ɗauki wani salo. Ranar biyan albashi makaɗa da 'yan caca da mata masu zaman kansu ƙarƙashin magajiya sukan cika bariki, kuma kamfanoni ba su damu ba, domin leburan da kuɗinsa ya ƙare a daren Asabar dole ya koma rami ranar Litinin. Irin wannan duniyar ta bariki da tasha da 'yan ƙwadago ce ta raini kunnen Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, kuma ba mamaki da yawan waƙoƙinsa na talaka ne da wahalarsa.

Majami'un SUM da SIM sun yaƙi burkutu tun farko, har barin sha ya zama alamar shiga sabuwar bangaskiya, Katolika kuma suka fi sassauci. Bayan mulkin kai giyar kwalba ta shigo da ƙarfi, jihar ta kafa kamfaninta na Jos International Breweries a shekarun 1970, mai yin Rock, wadda ta yi tashe sannan ta yi ta faɗi-tashi. Yau abin da ke tayar wa iyaye hankali ba burkutu ba ne, goskolo ne, wani haɗin barasa mai arha da ke cinye hantar samari. A kan wannan kam fasto da liman da mai unguwa bakinsu ɗaya. Kulob ɗin Turawa kuwa suna nan, 'yan ƙasa sun gaje su, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa ne ke zama a kujerun. 

Gidan tarihi da ganuwar da ke zaizayewa

Kuza ta tono abin da ya fi ta daraja. A 1928 aka tsinci wani ɗan kan yumɓu a ramin kuza kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kawo wa jami'in mulki Bernard Fagg wani kan daga Jama'a, wanda wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye. Fagg ya ga kamanninsu, ya roƙi mahaƙa su daina fasa irin waɗannan, kuma daga nan duniya ta san al'adar Nok, mutanen da suka yi sassaƙen yumɓu suka kuma narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Don adana su aka buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952. A harabarsa akwai zauren tukwane da Sylvia Leith-Ross ta taimaka wajen tarawa, da rubuce-rubucen Larabci, da gidan namun daji, da tsofaffin kawunan jirgin ƙaramin layin Zariya da aka rufe a 1957. A 1987 ɓarayi suka shiga suka kwashe wasu kayayyaki masu daraja.

Wurin da ya fi taɓa zuciyar Bahaushe shi ne gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke bayansa, aikin masanin gini ɗan Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya rasu a 1982. Ya tara magina na gaske suka sake gina wani yanki na ganuwar Kano, da sashen fadar Katsina, da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19. Na Zariya na asali an lulluɓe shi da ginin zamani a shekarun 1970, saboda haka mai son ganin siffarsa ta waje da bakan gizonsa da azararsa a wuri ɗaya, Jos zai zo. Amma ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, daminar Jos kuma ba ta wasa. Inda aka bar yaɓe, ruwa ya ci makuba, bango ya tsage, ciyawa ta fito a kan soro. Maginan da suka iya tubali da daurin guga suna ƙarewa, ba a kuma horar da isassun magada ba. Wannan asara ce ta Arewa duka, kuma masarautun Kano da Zazzau da Katsina suna da hakkin su sa hannu, ko da turo magina ne kowace rani.

Me ya sa coci ke cika gidan tarihi ke zubewa? Coci yana da masu shi. Gidan tarihi na gwamnatin tarayya ne da ke nesa, tashar jirgi ta hukumar da ta yi barci ce, ramukan kuza na kamfanonin da suka tattara nasu suka tafi bayan dokar mallakar 'yan ƙasa ta 1972 da faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a Oktoban 1985. Matatar Makeri ta yi shiru. Babbar kasuwar Taminus, wadda Jos ke alfahari da ita, ta ƙone a Fabrairun 2002, ta kuma daɗe tana tsaye a ƙone a tsakiyar gari.

Sai kuma rabuwar kai. Rikicin da ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 ya ci rayuka kusan dubu, na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 suka biyo baya, da kisan Dogo Nahawa, da bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 da na Taminus a Mayun 2014. Tushen gardamar, wato wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, da wa ke da sarauta da ƙaramar hukumar Jos ta Arewa da aka ƙirƙira a 1991, duk daga zamanin kuza ya taso: wasu an haƙe musu gona, wasu an kawo kakanninsu sun haƙa. Sakamakonsa shi ne unguwanni sun rabu bisa addini. Akwai saurayi a Unguwar Rogo da bai taɓa taka Kabong ba, akwai budurwa a Gada Biyu da ke tsoron zuwa Gangare. Kakanninsu kuwa rami ɗaya suka shiga, helma ɗaya ya zage su, jirgi ɗaya suka hau.

Shi ya sa nake ganin gyaran tsofaffin wuraren Jos ya wuce maganar jawo 'yan yawon buɗe ido, ko da yake duwatsun Shere da na Riyom da ruwan Assop sun isa su jawo su. Makarantun gari, na mishan da na Islamiyya, za su iya haɗa ɗalibansu a mota ɗaya a zaga da su: Naraguta inda Laws ya sauka, tsohuwar tashar jirgi, Masallacin Juma'a, St Piran's, Jankwano, gidan tarihi, sannan a tsaya a bakin ɗaya daga cikin ɗaruruwan kududdufan da injinan haƙa suka bari tsakanin Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Kududdufan nan suna cin yara da dabbobi, manoman rani kuma suna ban ruwan kabeji da karas da tumatir da su. A gefensu har yanzu samari na haƙa ramukan kuza da ake kira loto da hannu, mata na wanke kuza a kwano, ƙasa kuma takan rufta da mutane. Takardun Lardin Filato da na ɗiban gwamna suna ajiye a Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, kuma Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da kanta tun 1975, tana da sashen tarihi. Abin da ake buƙata shi ne a tura ɗalibai su fito da sunayen garuruwa da lardunan da aka kwaso mutane, gwamnatin jiha ta ba da fili a bakin kududdufi ɗaya, a kafa allon dutse a rubuta su da Hausa da Birom da Ingilishi.